Ladan kuturu: biyayya, kwaɗayi da abin kunya a kamfen da ke rushewa

A watan Disamba na 2007, saura kamar mako biyu jam'iyyar Democrat ta fara zaɓen fid da gwani a jihar Iowa ta Amurka, wani magidanci mai mata da 'ya'ya uku ya sa aka fitar da sanarwa cewa cikin da wata mata mai suna Rielle Hunter ke ɗauke da shi nasa ne. Cikin kuwa na ubangidansa ne, John Edwards, tsohon sanata da ke neman shugabancin ƙasa. Sunan magidancin Andrew Young, kuma kada a haɗa shi da tsohon jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Shekara huɗu da 'yan watanni bayan wannan sanarwa, Young ɗin nan ne ya zauna a kotu a matsayin babban shaidar gwamnati a kan Edwards, kuma a nan ya amsa da bakinsa cewa kaso mafi tsoka na kuɗin da aka tara don rufa asirin ubangidansa, ginin gidan kansa ya zuba su.

Mutum ɗaya ke nan ya zama mafi biyayya a kamfen, mafi cin moriyarsa, sannan wanda ya tona shi. Mutane kan ɗauka cewa a tafiyar siyasa akwai masu amana a gefe guda, maciya amana a ɗaya gefen, sai ranar wuya ta tace su. Abin da na gani a irin waɗannan labarai ya saɓa wa haka. Sau da yawa biyayya da kwaɗayi a zuciyar mutum ɗaya suke kwana, kuma yadda aka gina kamfe shi ke haɗa su.

Kamfen neman babban muƙami wata irin ma'aikata ce da ba ta da tamka. Ana kafa ta cikin watanni, kuɗi masu yawa su ratsa ta cikinta da gaggawa, kowa kuma ya san ranar da za a rufe ta. Albashin yawancin ma'aikatanta bai taka kara ya karya ba. Ainihin ladan yana gaba: muƙami a fadar gwamnati, kujerar minista ko ta jakada, kwangila, ko ma dai a san cewa kai na hannun daman shugaba ne. Duk wannan kuma ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Idan kamfani ya samu shugabansa da abin kunya, yana iya sauke shi ya naɗa wani, aiki ya ci gaba. Kamfe ba shi da wannan mafita, domin ɗan takarar shi ne hajar kuma shi ne mai shagon. Ranar da ya faɗi, wanda ya yi shekara goma yana riƙe masa jaka ya tashi a tutar babu. To ta yaya irin wannan mutum zai je ya gaya wa maigidansa cewa ya kamata ya janye?

John Edwards lauya ne daga jihar North Carolina, ɗan ma'aikacin masaƙa, wanda ya yi arziki da shari'o'in neman diyya. Ya ci kujerar sanata a 1998, ya yi wa John Kerry takarar mataimaki a 2004 suka sha kaye, sannan a ƙarshen Disamba na 2006 ya ƙaddamar da takararsa ta biyu a birnin New Orleans, cikin unguwar da guguwar Katrina ta ɗaiɗaita. Jigon kamfensa talauci ne. Yana cewa Amurka biyu ce, ta masu hali da ta marasa shi. Wani babban jarin nasa kuma shi ne iyalinsa. Ɗansu ya rasu a haɗarin mota a 1996 yana da shekara 16, matarsa Elizabeth na fama da kansar mama, kuma a Maris na 2007 suka tsaya tare gaban 'yan jarida suka ce cutar ta dawo, ba ta da magani, amma kamfe zai ci gaba. Jama'a da dama saboda wannan hoton miji da mata suka ba shi zuciyarsu da kuɗinsu.

A lokacin kuwa ya riga ya yi nisa da Rielle Hunter. Sun haɗu a birnin New York a 2006, daga baya ƙungiyarsa ta siyasa ta ba ta aikin ɗaukar gajerun bidiyo don sakawa a intanet, aka biya fiye da dala 100,000. Ma'aikatan da ke tafiya da shi sun lura, domin abin da ke tsakanin mutum biyu ba ya ɓoyuwa ga masu shirya musu jirgi da ɗakin otal. Wani matashin mataimaki ya yi ta maza ya ja hankalinsa, kuma kamar yadda ya shaida wa kotu daga baya, abin da ya biyo baya shi ne zagi da rasa aiki. Wannan korar darasi ce ga duk sauran. Daga ranar kowa ya gane irin biyayyar da ake saye a gidan: wanda ya faɗi gaskiya waje, wanda ya kau da kai ya ƙara matsowa kusa. A ganina a nan kamfen ya mutu, tun kafin wata jarida ta rubuta kalma ɗaya.

Shi Andrew Young ya shiga tafiyar ne tun kamfen sanata na 1998. Shi ne direba, shi ne ɗan aike, shi ne mai kula da hidimomin gida da ba a rubuta su cikin takardar ɗaukar aiki. Rayuwarsa gaba ɗaya ya ɗora a kan fatan wata rana maigidansa zai shiga Fadar White House. Da jaridar National Enquirer, wadda manyan kafafe ke rainawa a matsayin ta tsegumi, ta fara buga labarin a Oktoba na 2007, sannan ta samo hoton Hunter da ciki a Disamba, sai aka nemi wanda zai ɗauki kayan. A cewar Young, Edwards ne da kansa ya roƙe shi, tare da alkawarin cewa in komai ya lafa zai fito ya faɗi gaskiya, kuma ba zai taɓa barin sa ya wulaƙanta ba. Young ya yarda, matarsa ma ta yarda. Aka kwashe su a jirgin sama na haya, shi da matarsa da Hunter, daga Florida zuwa Aspen, har suka yada zango da 'ya'yansu a wani katafaren gidan haya kusa da Santa Barbara a Kalifoniya. Mace tana zaune gida ɗaya da wadda duniya ke cewa mijinta ya yi wa ciki, tana kai ta asibiti, alhali ta san ƙarya ce. Ba na jin akwai muƙamin da ya kai wannan farashi.

Ɓuya irin wannan tana cin kuɗi, kuma a nan ne labarin ya koma na aljihu. Dokar Amurka a wancan zagayen ta taƙaita abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara zuwa dala 2,300 a kowane zaɓe. Mutum biyu ne suka ɗauki nauyin ɓuyar. Na farko Fred Baron, hamshaƙin lauya daga Texas kuma shugaban tara kuɗin kamfen, wanda ya biya jirage da otal-otal. Ta biyu Rachel Mellon, da ake kira Bunny, attajira mai shekara 96 da ke ƙaunar Edwards tsakani da Allah. Yadda aka kai ga aljihunta abin dubawa ne. A Afrilu na 2007 an yi ta yi wa Edwards dariya bayan an gano kamfensa ya biya dala 400 kuɗin aski, abin da bai dace da mai wa'azin talauci ba. Abin ya yi wa dattijuwar ciwo, ta rubuta wa Young 'yar wasiƙa cewa daga yanzu irin waɗannan buƙatu a riƙa turo mata ta biya. Wannan wasiƙa ce ta zama mabuɗi. Aka je mata da cewa sanata na da wata buƙata ta sirri, ita kuma ta riƙa rubuta cak da sunan wani mai ƙawata gidaje, ana rubuta cewa kuɗin kujeru ne ko tebur, shi kuma ya miƙa wa matar Young ta saka a asusu. Jimillar abin da ya fito daga hannunta dala 725,000. Idan aka haɗa da na Baron, kuɗin sun doshi dala miliyan ɗaya.

Kuɗin da aka karɓa a ɓoye ba su da rasit, ba su da mai bincike. Wanda ya bayar ba zai tambaya ba, domin tambayar za ta sa ya san abin da ba ya son sani. Wanda aka karɓa dominsa ba zai tambaya ba, domin yana son gobe ya iya rantsuwa cewa bai sani ba. Saura wanda kuɗin ke hannunsa, shi kuma yana kallon abin da ya sadaukar: sunansa, mutuncin matarsa, makomar 'ya'yansa. Cikin sauƙi zuciya za ta gaya masa cewa haƙƙinsa ne. Young na gina gida a kusa da Chapel Hill a lokacin, gidan kuma ya yi ta ƙara girma. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, to a nan kowanne cikin su biyun ya ci ladan ɗan'uwansa. Edwards ba zai iya tuhumar Young ba, Young ba zai iya barin Edwards ba. Abin da ya riƙe su tare daga nan tsoron juna ne, ko da yake daga waje biyayya ake gani.

Faɗuwar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Ranar 3 ga Janairu 2008 Barack Obama ya ci Iowa, Edwards ya zo na biyu da tazara kaɗan a gaban Hillary Clinton. Ya zo na uku a New Hampshire, ya sake zuwa na uku a South Carolina, jihar da aka haife shi, sannan ya janye ranar 30 ga Janairu. Abin lura shi ne masu zaɓe ba don abin kunyar suka ƙi shi ba, domin manyan jaridu ba su ɗauki labarin ba tukuna. An haifi jaririyar a ƙarshen Fabrairu. Da a ce ɓuyar don kamfe kaɗai aka yi ta, da ta ƙare nan. Ba ta ƙare ba, saboda Edwards bai cire rai ba. Shaidu sun gaya wa kotu yadda aka yi ta kai gwauro a kai mari don a sama masa kujerar mataimakin shugaban ƙasa ko ta ministan shari'a a gwamnatin duk wanda ya ci. Ya mara wa Obama baya a watan Mayu. Mutumin da ya san abin da ke binne a ƙarƙashinsa yana neman a ɗora shi a kan tikitin jam'iyyarsa, ba tare da ya damu da abin da zai faru da tikitin ba ranar da abin ya fashe. Wannan kwaɗayin ya fi na Young muni, ko da yake ba a ƙirga shi da dala.

A Yuli na 2008 'yan jaridar Enquirer suka ritsa shi da tsakar dare a otal ɗin Beverly Hilton, inda ya je ganin Hunter da jaririyar, har ya shige banɗaki ya rufe ƙofa. Ranar 8 ga Agusta ya amsa a tashar ABC cewa ya yi hulɗa da ita, amma ya musanta cewa 'yar tasa ce. Wannan musun ne ya yanke igiyar da ke tsakaninsa da Young, domin ya tabbatar masa alkawarin wanke shi ba zai cika ba. Baron ya rasu a Oktoba na shekarar, kuɗi suka ƙafe, waya ta daina shiga. Young ya rubuta littafi, kuma ana gab da fitowarsa, a Janairu na 2010, Edwards ya amsa cewa shi ne uban yarinyar. Elizabeth ta rabu da shi, ta rasu a Disamba na wannan shekarar.

Gwamnati ta gurfanar da shi a Yuni na 2011 kan tuhuma shida, aka yi shari'ar a Greensboro a 2012. Tambayar da ke gaban kotu ƙarama ce idan aka kwatanta da girman ɓarnar: kuɗin Mellon da Baron gudummawar kamfe ce da ta wuce ƙa'ida, ko kyauta ce ta abokai? Lauyoyin Edwards suka ce daga matarsa yake ɓoye abin, ba daga masu zaɓe ba. Young kuwa, wanda aka ba kariya daga tuhuma don ya yi magana, ya zama shaidar da ke da wuyar gaskatawa, tunda shi da kansa ya yi ƙarya a bainar jama'a kuma ya ci kuɗin. Ranar 31 ga Mayu masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Edwards a tuhuma ɗaya, suka kasa cimma matsaya a biyar, gwamnati kuma ta janye ƙarar. Ƙaryar da Young ya yi don kare maigidansa a 2007 ita ce ta sake kare shi a 2012, wannan karon ba da son ran Young ba.

Akwai wata fuskar ta daban, ta waɗanda ke tserewa, kuma Faransa ce ta nuna ta a fili a 2017. François Fillon, firaministan Nicolas Sarkozy daga 2007 zuwa 2012, ya ci zaɓen fid da gwani na masu ra'ayin riƙau a Nuwamba na 2016, ya kayar da Sarkozy da tsohon firaminista Alain Juppé, kuma kusan kowa na ganin shi ne shugaban ƙasa mai jiran gado. Da gaskiya da riƙon amana ya yi talla. Shi ne ya yi wa Sarkozy, wanda ake tuhuma a lokacin, shaguɓe da tambayar ko akwai wanda zai iya tunanin Janar de Gaulle a gaban masu tuhuma. Shirinsa kuma ya haɗa da rage guraben aikin gwamnati 500,000. Ranar 25 ga Janairu 2017 jaridar Le Canard enchaîné ta buga cewa an biya matarsa Penelope kimanin yuro 500,000 daga kuɗin majalisa a matsayin mataimakiya, ba tare da alamar ta yi aikin ba. Mako guda bayan haka adadin ya haura 800,000, aka kuma ambaci biyu daga 'ya'yansa. Ɗaukar iyali aiki bai saɓa wa dokar majalisar ba a lokacin, matsalar ita ce ko an yi aikin. Sai ga wata tsohuwar hira ta 2007 inda matar da bakinta ta ce ba ta taɓa zama mataimakiyarsa ba.

Fillon ya yi alkawari a talabijin cewa in aka tuhume shi a hukumance zai janye. Ranar 1 ga Maris ya sanar cewa alƙalai sun kira shi, kuma ba zai janye ba. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi. Bruno Le Maire, ɗaya daga cikin jigogin kamfen, ya fice a ranar, kakakin kamfen Thierry Solère ya bi, daraktan kamfen Patrick Stefanini ya ajiye aiki, har jaridar Libération ta buɗe ƙidayar masu barin tafiyar, cikin kwanaki suka kai ɗaruruwa. Ranar 5 ga Maris Fillon ya tara magoya bayansa a dandalin Trocadéro na birnin Paris cikin ruwan sama, washegari Juppé ya ce ba zai maye gurbinsa ba. Da aka rasa madadi, wasu daga cikin waɗanda suka yi shiru ko suka ja baya suka lallaɓo suka dawo. Ana cikin haka ta fito cewa wani lauya, Robert Bourgi, ya saya masa kwat biyu na yuro 13,000.

Ta yaya za a auna masu ficewar? Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin mutumin ya karya alkawarin da ya ɗauka a gaban ƙasa. Amma zargin da kansa sun ji shi tun Janairu, suka zauna makonni biyar suna kallon ƙuri'ar jin ra'ayi. Le Maire ya zama ministan tattalin arzikin Emmanuel Macron, wanda ya ci zaɓen, a watan Mayu, ya kuma daɗe a kujerar. Ba na cewa wannan ya tabbatar da mugun nufi, domin mutum na iya yin abin da ya dace kuma ya amfana da shi. Abin da nake cewa shi ne daga waje ba ka iya bambance wanda lamirinsa ya kore shi da wanda lissafinsa ya kore shi, kuma su kansu 'yan siyasar ba koyaushe suke iya bambancewa ba. Haka ma waɗanda suka tsaya. Wani ya tsaya don ya yarda da shirin, wani don ba shi da inda za shi, wani don yana hangen wanda zai gaji jam'iyyar bayan an sha kaye.

Abin da ya fi damuna a labaran biyu shi ne mutanen da ba a ambata a kotu. Matasan da suka bar makaranta da aiki suka tafi Iowa cikin sanyin hunturu suna ƙwanƙwasa ƙofofi saboda sun yarda ga wanda zai yi magana a kan talauci. Ma'aikatan ƙungiyoyin ƙwadago da suka mara masa baya. Masu aika dala ashirin ta intanet. Su ma biyayya suka yi, kuma tasu ce ta gaskiya, domin ga manufa suka yi ta ba su jiran komai. 'Yan tsirarun da ke kusa da ɗan takara sun san abin da waɗannan ba su sani ba, suka bar su suna ta wahala. Irin wannan cin amana babu dokar da ta tanadar masa hukunci, kuma babu wanda ya biya su.

Jam'iyyu ma sun nuna rauninsu. Da Edwards ya ci tikitin Democrat, da asirin ya tonu ana tsakiyar babban zaɓe. A Faransa kuwa abin ya faru a zahiri: zaɓen fid da gwanin da mutum fiye da miliyan huɗu suka kaɗa ƙuri'a a cikinsa ya ba Fillon ƙarfin da babu wani a jam'iyyar da zai iya sauke shi, kuma ba a tanadi hanyar sauya ɗan takara ba. Manyan jam'iyyar kowa na tsoron kada abokin hamayyarsa na cikin gida ya ci gajiyar sauyin, sai suka gwammace su tafi a haka. Ranar 23 ga Afrilu 2017 Fillon ya zo na uku da kashi 20 cikin 100, bayan Macron da Marine Le Pen, bai kai zagaye na biyu ba. Kotu ta same shi da laifi a Yuni na 2020, manyan kotuna kuma suka tabbatar da laifin ko da yake an sassauta hukuncin. Majalisa ta haramta wa 'yan majalisa ɗaukar mata da 'ya'yansu aiki tun a 2017. Jam'iyyarsa ta Les Républicains, wadda Macron ya kwashe mata mutane da masu zaɓe, ba ta farfaɗo ba a zaɓen shugaban ƙasa na gaba. A 2022 'yar takararta Valérie Pécresse ta samu ƙasa da kashi 5 cikin 100, abin da ya hana ta samun cikakken kuɗin da gwamnati ke mayar wa 'yan takara, har ta fito washegari tana roƙon jama'a su taimaka a biya bashin kamfe.